Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Malaman Tarihi a Jos

'Yan uwa malamai, assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Tun da gwamnatin tarayya ta dawo da darasin Tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a 2022, bayan ya shafe fiye da shekara goma a ajiye, damuwarmu ɗaya ce: yawancin matasan malamanmu ba su yi Tarihi ba lokacin da suke ɗalibai. An miƙa musu alli an ce su koyar da abin da ba a koya musu ba. A nan muka zuba ƙarfinmu bana.

Bitar da muka yi a dogon hutu, rabinta a Gidan Tarihi na Jos aka yi, wanda Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, ya kafa a 1952. Wata malamarmu da ta daɗe tana rubuta "al'adun Nok" a allo ta tsaya gaban kan mutum-mutumin yumɓu irin na Nok, wato aikin mutanen da suka rayu a tsakiyar Najeriya a zamanin da, tana kallon hujin idanunsa da kitson kansa, har sai da aka kira ta. Ranar ta fara sanin cewa masu haƙar kuza ne suka tono irinsa. Daga nan muka zagaya ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya. Abin kunya ne, wasunmu a garin nan aka haife mu amma ba mu taɓa leƙawa ba.

Da aka koma makaranta, malamai sun tura yara su tambayi kakanninsu labarin aikin kuza da kududdufan da ya bari a Bukuru. Yaran da ke hamma idan an ambaci haɗewar Arewa da Kudancin Najeriya a 1914 sun dawo da takardu cike.

Zaman da muka yi kan yadda za a koyar da rikicin Jos na 2001 a ajin da ya haɗa Musulmi da Kirista bai kai ga matsaya ba. An ɗaga murya, an tashi baram-baram. Kwamiti na ganin a sake zama, a gayyato malaman jami'a su jagoranta.

Asusu kuwa sai a hankali. Da yawa ba su biya kuɗin wata-wata ba, shi ya sa ba mu buga jagoran malami ba kamar yadda muka yi alkawari. Waɗanda ake bi bashi su ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Sakatare