A ba masu buƙata ta musamman damar tseren keke

Ya Edita,

Na karanta rahoton jaridarku kan wasannin masu buƙata ta musamman, kuma ina so in jawo hankali kan fannin da aka mance da shi, wato tseren keke a zagayayyen fili mai gangara.

Ƙasar nan na da irin wannan fili a babban filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Matsalarmu kayan aiki ce. Keken wannan tsere ba shi da birki, kuma makaho yakan hau keke mai mazauni biyu ne, mai gani na gaba yana riƙe da kan keken. Wane matashi ne a Rigasa ko Tudun Wada zai iya sayen wannan da kuɗinsa? Ko a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da Jamusawa suka ara wa 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye keke.

Ina roƙon ma'aikatar wasanni ta Jihar Kaduna ta sayi ko da kekuna kaɗan ne, ta fara zaƙulo matasa a Dandalin Murtala, sannan ta riƙa kai waɗanda suka yi fice Abuja ta jirgin ƙasa domin atisaye.

Naku,
Mai karatu daga Kawo, Kaduna