Wasan fokar ƴan hutu: "ƙaramin teburi" ma yana cin mutum

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan samma mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, akwai wata magana da ta daɗe tana ci na a rai, kuma abin da ya taso da ita shi ne hirar da muka yi a majalisa satin da ya wuce da wani yaro ɗan abokina da ya dawo daga hutu a Masar. Yana ta ba mu labarin Alƙahira da Sharm el-Sheikh, teku kaza otal kaza, can sai ya ce ai har gidan caca na otal ɗinsu ya leƙa ya taɓa wasan karta ɗin nan da ake kira foka, amma wai kada mu damu "ƙaramin teburi ne Baba, kuɗin shan iska ne kawai, kuma shi foka ba sa'a ba ce ƙwaƙwalwa ce." Wallahi da ya faɗi haka sai na ji kamar ni ne nake magana shekarun baya, don kalmomin nan sak su na faɗa wa kaina.

Ni ba malami ba ne, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Hukuncin caca kowa ya san shi tun daga makarantar allo, yana nan a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma ni ma na san shi sarai a daren da na zauna a teburin, bai dai hana ni zama ba, Allah Ya yafe mana. Abin da nake so na yi magana a kai shi ne kalmar nan "ƙarami", don ita ce ƙofar da ake shigo da irinmu.

A watan Yulin 2019 na je Amurka wurin ƙanina da ke aiki a Texas, ya ɗauki hutu ya ce Yaya bari na kai ka ka ga Las Vegas. Gari ne a tsakiyar hamada a jihar Nevada, jihar da ta halatta caca tun 1931, zafi da rana ya haura digiri 40, in ka fito titi kamar ka buɗe murfin tukunya, don haka dole ka fake a cikin otal. To otal ɗin kuma an gina shi ne yadda ba za ka kai ɗakinka ba, ba za ka kai wurin cin abinci ba, sai ka ratsa ta tsakiyar injinan caca. Babu agogo a bango, babu taga, sanyin esi yana ratsa ka, ƙarfe 2 na rana da ƙarfe 2 na dare duk ɗaya suke a ido.

Injinan nan ban ko kalle su ba, na ce wannan ai zubar da kuɗi ne a rijiya. Amma can gefe akwai ɗakin foka, shiru, mutane tara-tara a zaune a teburi kamar masu mitin, har da tsofaffi da mata. Ni kuma tun ina saurayi na iya karta, a unguwarmu ba a cika cinye ni ba, sai shaiɗan ya ce to ga naka.

Bari na ɗan yi bayanin yadda abin yake don wanda bai sani ba. Irin wanda aka fi yi ana kiransa Texas Hold'em. Kati 52 ne, ana ba kowa biyu a rufe, sai a jera biyar a buɗe a tsakiya, uku tashin farko sannan ɗaya sannan ɗaya, a kowane mataki kana iya zuba kuɗi ko ka bi abin da wani ya zuba ko ka ajiye katinka ka haƙura. Teburi mafi araha shi ne wanda ake ce wa dala 1 da dala 2, wato kafin a raba kati mutum biyu za su fara ajiye dala ɗaya da dala biyu na dole, kuma abin yana zagayawa. Dala biyu fa! Wa zai ji tsoron dala biyu? Abin da allon bai nuna maka da manyan baƙi ba shi ne ba a zama da dala biyu, sai ka sayi ƴan kwabban robar da ake wasan da su a madadin kuɗi na aƙalla dala 100, yawanci mutane 200 ko 300 suke ajiyewa a gabansu, kuma wasan ba shi da iyaka, a hannu ɗaya, wato rabon kati ɗaya, wani zai iya tura duk abin da ke gabansa ya ce in ka isa ka biyo. Ka ga ashe dala biyun sunan teburin ne kawai.

Daren farko na zauna da dala 200 na tashi da 340. Malam Edita wannan ɗari da arba'in ɗin ita ce ta kashe ni. Na koma ɗaki ina lissafi, lokacin dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage, na ce naira dubu 50 cikin awa uku ina zaune ana kawo mini lemo kyauta, har na fara raina ƙanina da ke tashi asuba yana tafiya aiki. Shi kuwa ya ce Yaya ka yi a hankali, wannan fitilun da kake gani ba da kuɗin masu ci aka kunna su ba. Na ce kai dai ba ka iya karta ba.

Dare na biyu, ban yi awa ɗaya ba aka ba ni as guda biyu, babu abin da ya fi su a farkon wasa, kuma sau ɗaya a cikin 221 suke zuwa. Na tura duka, wani saurayi ya biyo ni da takwas biyu, katin ƙarshe da aka buɗe sai ga takwas ta uku, takwas uku kuwa sun fi as biyu. Shikenan ɗari biyu ta tafi cikin abin da bai kai minti biyu ba. Daga baya na gane cewa ko a lissafi, a irin wannan karon mai as biyu yana faɗuwa kusan sau ɗaya a cikin biyar, wato ba wani abin mamaki ne ya faru ba. Amma a lokacin ina, zuciya ta riga ta ɗau zafi, na ce an yi mini fashi ne sai na rama. Na sake sayen na 200. Suka tafi a hankali, ashirin nan talatin can. Na je na'urar cire kuɗi da ke cikin gidan, wadda cajinta kaɗai ya isa abincin rana, na ciro 300. Da na ɗaga kai na duba waya ƙarfe 5 ta wuce, asuba ta yi ban ma sani ba, aljihu wayam. In ka cire ribar jiya, dala 560 na bari a wurin, naira dubu 200 da ɗoriya a kuɗin lokacin, a "ƙaramin teburi". Da safen mun shirya zuwa ganin madatsar ruwa ta Hoover, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, barci na yi har azahar, ban gan ta ba har na baro ƙasar.

Yanzu ga abin da nake so yaran nan su gane, kuma ni ma sai da na huce na zauna da biro na gane shi. Gaskiya ne a foka ba da gidan kake wasa ba, da sauran mutanen teburin kake yi, shi ya sa ake cewa ya bambanta da inji. To amma gidan sadaka yake yi da ya ba ku teburi da mai raba kati da esi? A kowane hannu mai rabon yana zare kamasho daga kuɗin da aka tara a tsakiya, a lokacin kashi 10 cikin 100 ne har zuwa dala 4 ko 5, ya jefa a wani ɗan rami da ke gefensa, da sauri yake yi ba ka ma lura. Ana yin hannu wajen 30 a awa. Ka ce a 25 daga ciki an cire dala 4, dala 100 ke nan a awa ɗaya. Mu tara ne, kowa da 200, dala 1,800 ke kan teburin gaba ɗaya. Wato ko da dukkanmu gwanintarmu ɗaya, sa'armu ɗaya, in muka yi awa shida gidan ya kwashe kashi ɗaya cikin uku na duk kuɗin da muka zo da shi, ba tare da ya riƙe kati ko ɗaya ba. Ban ma sa tukuicin mai rabo ba, dala ɗaya duk hannun da ka ci, da na mai kawo lemon "kyauta". Kuma abin haushin shi ne tunda kamashon yana da iyakar da ba ya wucewa, a babban teburi inda ake tara dala dubu a tsakiya dala 5 ba komai ba ce, a ƙaramin teburi inda aka tara 40 ko 50 ne take zama kashi goma cif. Talakan teburi shi ya fi biya, kamar dai mai sayen shinkafa gwangwani-gwangwani da mai sayen buhu.

Sai maganar ƙwaƙwalwa. Eh akwai gwaninta a ciki, ba zan musa ba, kuma nan ne ma matsalar take. In wasa na gwaninta ne to tambayar ita ce wa ya fi gwaninta a teburin, kai da ka sauka daga jirgi shekaranjiya ko wanda nan ne ofis ɗinsa? Akwai wani dattijo da ya zauna kusa da ni duka dare biyun, ɗan garin ne ya yi ritaya, masu rabon kati duk sun san sunansa shi ma ya san nasu har yana tambayar lafiyar ƴaƴansu. Mutumin nan sai ya ajiye kati sau goma a jere bai shiga ba, yana shan shayinsa, in ka ga ya zuba kuɗi to ka gudu. Ni kuwa duk hannu sai na shiga, don hutu na zo, kwana uku gare ni, ba zan ɓata su ina kallon wasu suna wasa ba. Wannan gaggawar ta baƙo ita ce abincinsu. Suna ma da sunan da suke kiran irinmu da shi a yarensu, wai kifi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni na ɗauka ina karanta fuskokinsu ashe tun zaman farko sun gama karanta ni.

Yaron nan na majalisa har ya kawo mini labarin Chris Moneymaker, akawun nan na Tennessee da ya shiga gasar foka ta duniya a 2003 ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet da bai biya dala 100 ba, ya tashi da dala miliyan 2.5. Labarin gaskiya ne. Amma mutum 839 ne suka shiga gasar a shekarar, kujera ɗaya dala 10,000, kuma mafi yawansu hannu rabbana suka koma gida, su ba wanda ya riƙe sunansu. Labarin mutum ɗaya ake ta juyawa sama da shekara ashirin, wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsargu.

Wani abu kuma da na tambaye shi, na ce da za ka shiga gidan cacar a Masar me suka nema? Ya ce fasfo. Na ce ka san dalili? Don ɗan ƙasar Masar ba a barinsa ya yi, na baƙi ne. Haka Monako, gidan cacar Monte Carlo da duniya ta sani, ƴan ƙasar an hana su wasa a ciki. Singafo ɗan ƙasa sai ya biya harajin shiga dalar Singafo 150 na yini ɗaya, baƙo kuwa kyauta zai shige. A Malesiya Musulmin ƙasar ba ya shiga gidan cacar Genting. Koriya ta Kudu gidajen caca da yawa amma guda ɗaya tak aka yarda ɗan ƙasa ya shiga. To jama'a, mai tuwo ya dafa ya hana ƴaƴansa ci, ya ce na baƙi ne, kai kuma ka wanke hannu har gwiwa kana godiya.

Na san za a ce to ai kowa da yadda yake kashe kuɗin hutunsa, wani kifi zai ci a bakin teku wani jirgin ruwa zai hau, in mutum ya ware dala 100 ya ce wannan ta nishaɗi ce in ta ƙare ya tashi, ina ruwan wani. Ni ma da wannan niyyar na shiga, ɗari biyu na ware. Wanda ya ware kuɗin da rana a ɗaki da hankalinsa daban, wanda aka cinye wa as biyu ƙarfe 1 na dare daban, na biyun bai san da wani alkawari ba, kuma katin banki yana aljihunsa shi. Kifin bakin teku in ka ci ka ƙoshi ka tashi, ban taɓa jin wanda ya koma ya sayi faranti uku don ya rama na farko ba.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Bayan na dawo Kano na fi wata biyu ina juya hannun nan na takwas uku a kaina, a kasuwa, a mota, har a sallah astagfirullah, ina cewa da na yi kaza da kaza. Na sauke manhajar foka a waya wai ta kuɗin wasa ce ba na gaske ba, sai da uwargida ta tambaye ni me nake dannawa har ƙarfe biyun dare sannan na ji kunya na goge. Hutun kwana uku ne fa. Shi kuwa yaron nan ya ce mini ya ci dala 90 a Sharm, kuma yana shirin komawa a Disamba da abokansa biyu, ya ce zai koya musu.

Na gaya wa babansa, ya yi dariya ya ce yaro ne, kuɗi kaɗan ne. Shi ya sa na ce bari na rubuto muku, don na san baban yana karanta jaridar nan duk sati, wataƙila in ya ga lissafin a rubuce ya fi shigarsa fiye da bakina. Har yanzu akwai kwabon roba ɗaya na dala 1 a durowata da na tarar a aljihun wando bayan na dawo, in ya zo gida zan nuna masa, dala 560 na saye shi.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano