Rahoton kwamitin lafiya kan gyaran ɗakin awon jini da ma'ajiyar magani na asibitin unguwarmu, Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, da 'yan uwanmu na Kano da Agadas da suka aiko da gudummawa: aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga bayaninsa.

Kowa ya san tsohon ɗakin, inda ake awon cutar sida (ƙanjamau) da ba da maganinta. Yana can gefe shi kaɗai, ƙofarsa na kallon titi, mai shayi da 'yan kabu-kabun bakin hanya suna ganin duk wanda ya shiga. Tuni yara suka raɗa masa "ɗakin sida". Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na asibitin, ya faɗa wa kwamiti cewa akwai waɗanda suka gwammace su biya kuɗin mota zuwa asibiti mai nisa, wasu ma su bar shan magani, da a gan su a bakin ƙofar nan. Magani kuwa kyauta ake ba da shi a Nijar. Bakin mutane ne ke korarsu, kuma gininmu yana taimaka wa bakin.

Don haka da ƙofar muka fara. Magini ya toshe ta da bulo, ya fasa wata ta ciki, wadda ke buɗewa cikin rumfar da kowa ke jira: mai awon ciki, mai zazzaɓi, uwar da ta kawo yaro rigakafi. Yanzu in an kira mutum ya tashi, babu mai iya cewa ga abin da ya kawo shi. Labulen da ya raba wurin ganawa da wurin ba da magani an cire shi, an ja bango har sama, domin a da ana jin maganar likita daga waje. Tagar ma an ɗaga ta, ta wuce tsayin mutum. An yi muhawara kan kafa allo a ƙofa, wasu suna ganin baƙo zai sha wahalar gane wurin. Ba mu kafa ba, kuma muna roƙon kwamitin da zai gaje mu kada ya kafa.

Sai ma'ajiya. Maganin da akasari ake bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma shi da kayan awon jini ba sa son zafin da ya wuce digiri 30. A Damagaram kuwa watan Afrilu da Mayu ana haura 40, balle a ƙarƙashin kwano marar silin. An sauya kwanon da ke yoyo, an yi silin, an sa farantan sola da batir don fanka ta riƙa juyawa ko an ɗauke wuta. Mai walda ya haɗa kantocin ƙarfe saboda gara, an rataye ma'aunin zafi a bango. Amfanin wannan ya wuce unguwarmu. In ma'ajiya ta iya riƙe kaya, likita na iya ba wanda jikinsa ya daidaita maganin watanni, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Wanda ke zuwa daga ƙauyukan Mirriya ko Takeita, da mai shirin tafiya ci-rani, ba sai ya zo kowane wata ba.

A taron farko wani dattijo ya tambaya, kuma da gaskiyarsa: me ya sa za a kashe kuɗi kan ciwon da ba shi da yawa a ƙasarmu? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mutum 4 ne cikin 1000 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ungozoma ce ta ba shi amsa. In mai ciki tana ɗauke da ƙwayar cutar ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa. In ta sha magani yadda ya kamata, abin yana sauka ƙasa da 5. Awon yana da sauri, amma sai ta yarda ta shiga ɗakin. Dattijon nan yana cikin waɗanda suka fara kawo siminti.

Ruwa ne ya ja mana jinkiri, kamar kowane gini a garin nan. Akwai ranakun da famfo bai kawo ba, magina suka zauna, sai da matan unguwa suka yi karo-karo aka sayi na 'yan garuwa. Samari sun yi ɗiban yashi da kwaɓa ba su karɓi ko dala ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, da takardun sayayya, suna manne a allon rumfa, ma'ajin kwamiti zai karanta su a taro mai zuwa. Abu biyu ne kuɗin bai kai gare su ba: ban-ɗakin mata da ke neman faɗuwa, da akwatin sanyi na ɗaukar jini zuwa inda ake auna yawan ƙwayar cuta. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji ko majo, kuma ya karɓi takardar shaida.