Sanarwa kan tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga bayani kan tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard, don masu ƙanne ko ƴaƴan da suka gama sakandare ko digiri na farko.

Gidauniyar tana da hedikwata a Toronto, ƙasar Kanada, kuma tun 2012 take ɗaukar nauyin karatun matasa, galibinsu ƴan Afirka, masu hazaƙa amma marasa hali. Tana biyan kuɗin makaranta, masauki da littattafai. Tana ba da fifiko ga ƴan mata, ƴan gudun hijira da masu buƙata ta musamman. Don Allah kada mu bar ƴaƴanmu mata a baya a wannan.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne, ba a aika takardar nema ga gidauniyar kai tsaye. Ana nema ne ta jami'o'in da take aiki da su, irin su Ashesi da KNUST a Ghana, Makerere a Uganda, Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, McGill a Kanada da Edinburgh a Birtaniya. Kowace jami'a da nata sharuɗɗa da ranar rufewa, sai a duba shafinta tun da wuri.

A tanadi sakamakon jarabawa, fasfo da wasiƙun shaida daga malamai. Bayanin kai kuma a rubuta shi da gaskiya, a faɗi irin hidimar da aka yi wa al'umma, ko da koyar da yaran unguwa ne.

Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne. Allah Ya ba masu nema sa'a.