Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kaduna Kan Garuruwan Da Birni Ya Haɗiye

Mai girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen Kakuri, kuma ba kwangila ko muƙami ya kawo ni ba. Wata amsa ce da jikana ya ba wani baƙo ta hana ni sakat. Baƙon daga Kano ya zo mana suna, ya dafa kan yaron ya ce, "Kai ɗan wace unguwa ne?" Yaro ɗan shekara 12, wanda aka yanke cibiyarsa a Kakuri, ya buɗe baki ya ce, "Ƙetaren gada." Kowa ya yi dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi.

Mahaifina ma'aikacin masaƙar KTL ne, wadda ta fara aiki a 1957. Da jiniyarta muke sanin lokaci. In an tashi aiki, kekuna ne za ka gani sun cika titi, mutane da burbushin auduga a gira da gemu, ga Bakano, ga Bajju, ga Tibi, ga Banufe, kowa na neman mai ƙosai. Da sassafe matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, sukan wuce ta ƙofar gidanmu da doya da itace a kafaɗa. Abin da na fi tunawa shi ne, ranar da mahaifiyata za ta babbar kasuwa, cewa take yi, "Yau zan shiga Kaduna." A wurinta Kakuri gari ne mai zaman kansa, Kaduna kuwa maƙwabciya ce da ake yi wa kwalliya kafin a je.

Kuma tana da gaskiya. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, ba fanko suka tarar ba. Akwai ƙauyukan Gbagyi a gefen kogin. Sannan jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙu suka jawo jama'a, kowa ya kafa inda ya samu. Sunayen ma kansu suna ba da labari ga mai kunne: Kurmin Gwari, Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, Unguwar Shanu, Maƙera. Birni ya yi ta miƙe ƙafa har ya haɗe su duka, ya zarce Rigasa da Rigachikun a Igabi, ya zarce Sabon Tasha da Gonin Gora a Chikun.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Pittsburgh, a jihar Pennsylvania ta Amurka, shi ya fara ba ni labarin wani birni da ake kira Allegheny, na kuma bi diddigi. Kogi ne kawai ya raba shi da Pittsburgh, kamar yadda kogin Kaduna ya raba mu. Ya zama birni tun 1840, yana da magajin gari da majalisa da kasuwarsa, kuma a 1900 mutanensa sun kai kusan 130,000. Garin masaƙu ne shi ma a farkonsa: a wata masaƙar auduga ta can attajirin nan Andrew Carnegie ya fara aiki yana yaro. A 1906 aka kaɗa ƙuri'a kan haɗe biranen biyu. Yawancin mutanen Allegheny suka ce ba sa so, amma dokar da aka yi ta ce a zuba ƙuri'un duka biyu a ƙwarya ɗaya a ƙirga. To, ina ƙarami zai kai labari? Suka garzaya har Kotun Ƙoli ta Amurka, ta ce jiha na da ikon yin hakan, aka haɗe su a Disambar 1907.

Ba haɗewar ce ta fi ba ni tausayi ba, abin da ya biyo baya ne. Sunan Allegheny ya fita daga bakin mutane a matsayin gari, wurin ya koma "North Side", wato ɓangaren arewa kawai. A shekarun 1960 kuma, da sunan sabunta birni, aka rushe tsakiyar tsohon garin har da tsohuwar kasuwarsa, aka gina rukunin kantuna wanda daga baya ciniki ya gagare shi. Yau jikokin mutanen can suna bin tsofaffin hotuna suna nemo inda titunan kakanninsu suke.

Na san namu ba daidai yake da nasu ba. Ba wanda ya kaɗa ƙuri'a a kan Kakuri ko Kawo, kuma ba su taɓa zama birane masu majalisa ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun rikicin 2000 muka fara kiran garinmu da gefen kogi: wannan ɗan Arewa, wancan ɗan Kudu, kowa da nasa tsallaken. Yaron Tudun Wada bai san Kurmin Gwari ba, yaron Narayi bai taɓa taka Badarawa ba. Sababbin unguwanni kuwa sai sunan Turanci ake liƙa musu a kan gonakin da suke da sunansu tun kaka da kakanni.

Ba na adawa da tituna. Na hau gadar sama ta Kawo na ji daɗinta, wanda duk ya sha cunkoson wurin a da ya san an huta. Roƙona ƙarami ne, ranka ya daɗe, bai kai kuɗin kwalbati goma ba. A tura ɗaliban tarihi na Jami'ar Jihar Kaduna gida-gida da na'urar naɗar murya, su zauna da masu unguwanni da dagatai da dattawan Gbagyi da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da na reluwe, kowa a yarensa. Wurin ajiya ba matsala ba ne: ga Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar tarihi tun 1970, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon. Sannan a sa doka cewa duk takardar fili da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, za ta fitar ta ɗauki tsohon sunan wurin, ko da an raɗa masa sabo. A bakin kowace tsohuwar unguwa kuma a kafa allo da Hausa da Gbagyi da Turanci, layi huɗu ko biyar, mai faɗin waɗanda suka fara zama a wurin.

Hanzarin da nake yi yana da dalili. Maƙwabcinmu, tsohon da ya haura 90, wanda yake iya nuna maka da sanda inda gonar kowa ta tsaya kafin a gina masaƙu, mun kai shi makwanci a daminar bara. Ba wanda ya naɗi muryarsa, har da ni da nake zama da shi a dakali kusan kullum bayan la'asar. A layinmu saura mutum biyu irinsa, ɗaya ma kunnensa ya fara nauyi. In ɗaliban za su zo, su fara ta Kakuri, ni zan kai su.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Kakuri, Kaduna.