Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina: A Bar Wa Tsuntsayen Fadama Wurin Sauka

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na san aiki ya yi maka yawa, don haka ba zan ja zance ba.

Ka fi ni sanin cewa a 2020 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta amince dajin Kogo da ke Faskari ya zama gandun daji na ƙasa, cikin sababbin wurare goma, har da Falgore ta Kano da dausayin Haɗeja. Mun yi murna ƙwarai. To amma wane uba ne yau zai kwashi 'ya'yansa ya nufi dajin Faskari kallon namun daji? Wannan sai zaman lafiya ya dawo, muna kuma roƙon Allah ya kawo shi.

Kukana na kusa ne: bakin dam ɗin Daberam da na Sabke, a nan shiyyar Daura. Idan hunturu ya shigo ruwa ya fara ja baya, laka ta fito, sai ka ga kirinjijiya garke-garke suna shawagi suna fito da asuba, zalɓe na tsaye cik a bakin ruwa yana dakon kifi, balbela ta yi fari fat a bayan shanu. Akwai ma baƙin da ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara don su sha sanyinmu. Me muke tarbar su da shi? Bindigar toka da raga da danƙon yara. Mai noman rani ya gama feshi ya wanke tankin maganinsa a cikin ruwan. Itatuwan da suke kwana a kai kuwa, marke da kanya, ana ta sare su ana ƙona gawayi. Wallahi abin yana ci mini rai. Dattawanmu suna ba da labarin gauraka na takawa a fadama da kambinta a ka, amma a ajin da nake koyarwa babu yaron da ya taɓa ganin ta a daji.

Maƙwabtanmu sun riga mu. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa tun 2000, Baturiya ta Jigawa ta biyo baya a 2008, ga kuma Dagona a Yobe inda aka keɓe wa tsuntsayen ruwa wurinsu. Mu ma muna da ruwan, ranka ya daɗe.

Ba cewa nake a kori masunci ko mai lambu ba, da nan suke ci da iyalinsu. A yanki gefe guda kawai, a kafa alama, a hana harbi da sara a cikinsa. A zauna da hakimai da dagatai su zaɓo matasan ƙauyukan da za su yi gadi da ɗan albashi. A yi rumfa a kan tudu, a ajiye madubin hangen nesa, makarantu su riƙa kawo yara.

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya. Don Allah ka turo kwamishinan muhalli bakin Daberam kafin ranar, ya zo da sassafe, ya zauna da masunta da manoma a shata iyakar wurin.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin firamare a Daura