Rahoton Kwamitin Aikin Ɗakin Kwamfuta ga Masu Gudummawa

Assalamu alaikum. Tambayar ina kuɗin ɗakin kwamfuta suka shiga ta yi yawa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, wasu ma da ɗan zafi. Haƙƙinku ne ku tambaya, ga bayanin.

Ba mu yi sabon gini ba. Tsohon ajin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta muka gyara: sabon kwano, silin, ƙofar ƙarfe, ƙarafunan taga da wayarin. Kwamfutoci 20 muka sayo, na hannu ne, amma duk masu ɗaukar Windows 11, tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro ba ta dace da ɗakin da za a koyar da tsaron intanet ba.

Inda maganar ta fi zafi shi ne batirin da ke ajiye wutar sola. An ce me ya sa muka sayi na litiyom guda biyu, alhali kuɗin ɗaya ya isa a sayi na ruwa huɗu. Ga lissafin. Kowace kwamfuta da allonta tana cin kusan wat 60, ashirin ke nan wat 1,200. Idan aka haɗa fanka huɗu da majigi, ana dosar wat 1,700. Batiran ruwa huɗu masu 220Ah, a takarda sun haura kilowat-awa 10, amma rabi kaɗai ake iya sha ba tare da an kashe su ba, wato awa uku idan hadari ya rufe rana. Sannan suna buƙatar a riƙa duba ruwansu, kuma zafin Maris da Afrilu yana ƙafar da shi da wuri. Wa zai riƙa yin wannan a lokacin dogon hutu? Duk mun san makarantun da batirinsu ya kumbura kafin shekara biyu, ɗakin ya koma sito. Na litiyom biyun, 48V 100Ah kowanne, suna ba da kusan kilowat-awa 8 da za a iya amfani da su, kuma ba ruwansu da ƙarin ruwa. Araha ba ta ado.

Asarar da muka yi kuwa ba mu ɓoye ta ba. A farkon damina tsawa ta faɗi kusa da makarantar, ta biyo wayar farantan sola ta ƙone inbatar farko mai 5kVA, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gari, da akwatin da ke haɗa kwamfutocin. Dalili, mun ɗage binne sandar tagullar da ke kai wuta ƙasa don mu rage kashe kuɗi, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar tsawa. Kuskurenmu ne. Yanzu an binne sanduna biyu, an sa na'urar kare ambaliyar wuta a ɓangaren sola da na wutar gari. Rasit ɗin komai yana wurin ma'aji, duk mai son gani ƙofa a buɗe take.

Ɗakin yana aiki. Ɗalibi ba ya iya saka manhaja da kansa, an toshe ramukan filashi, kuma darasin farko shi ne kada a ba kowa lambar OTP (lambar sirrin da banki ke turowa a waya) ko BVN, ko da ya ce daga banki yake kira. 'Yan aji shida na atisayen JAMB, wadda tun 2015 sai a kwamfuta ake rubuta ta.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya nemi a sakaya sunansa, wanda ya biya kuɗin inbata ta biyu kwana biyu bayan ya ji labari, bai ko tambayi laifin wa ba. Allah Ya saka masa da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifansa. Haka Hajiyar da ta ɗauki nauyin kwamfutoci biyar, da Mai Unguwa da ya sa ido a kan gadi.

Saura kuɗin data na shekara, da alawus ɗin malamin kwamfuta, da gilasan taga kafin hunturu, don ƙurar da ke shiga yanzu za ta toshe fankokin cikin kwamfutocin. Ga kuma ɗalibai uku a kan kwamfuta ɗaya. Wanda ya yi alkawari bai cika ba, don Allah ya tuntuɓi ma'aji kafin ƙarshen wata.